Hannun Hagun Malam Tanimu

Duk wanda ya ce maka fetur ne ya gina ƙasar nan, ko gyaɗa, ko auduga, ka saurare shi da ladabi, amma ka sani bai taɓa tsayawa gaban aji ba. Alli ne ya gina ta. Babu gwamna, babu likita, babu alƙalin da bai fara da shaƙar ƙurarsa a bencin gaba ba. Shekara goma sha tara ina wannan da'awa a majalisarmu ta teburin mai shayi a Furana, ba a taɓa samun wanda ya ƙaryata ni ba, wataƙila don ba a taɓa samun wanda ya saurara ba.

Tun da na dawo daga Kudan kuwa kasuwata ta buɗe. Kwana uku kacal na yi, amma sai ka ce daga bangon duniya na dawo. Wannan ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske allon yana magana?" Wancan ya ce, "An ce yana ɗaukar hoton malami in ya yi gyangyaɗi." Na gaji da ba da amsa guntu-guntu shayina yana hucewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Sai dai labarin allo kuka tambaya, ni kuma rabin abin da na dawo da shi labarin mutum ne.

Takarda ce ta zo daga ofishin ilimi, cewa makarantarmu ta tura malamai biyu bita a Kudan, a koya musu aiki da allon lantarki, domin za a kafa ɗaya a ajinmu na shida. Malamin aji shida shi ne Malam Tanimu. Na biyun kuma hedimasta ya ce ni, bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba, don duk mun san dalilin.

Malam Tanimu shi ya koya mini riƙe fensir. Shekararsa talatin da uku a aji, saura biyu ya yi ritaya. Rubutunsa a allo, in ka gani, sai ka ji kunyar gogewa. Amma shekara uku ke nan idonsa yana tafiya. Ba yana ba ce balle a cire. A asibiti a Zariya sun gaya masa tsakiyar ganin ce ke mutuwa, gefe-gefe kawai zai rage masa. Ya dawo bai gaya wa kowa ba. Allon ajinsa siminti ne a jikin bango, shi yake shafa masa gawayi da baƙin batir da hannunsa duk Alhamis. Sai ya sami ƙusa ya yi 'yan tsagogi a gefen hagu na allon, guda goma sha ɗaya, tsakanin kowace da 'yar'uwarta faɗin yatsu huɗu. In zai yi rubutu, hannun hagu ya lalubo tsaga, ya riƙa jan jiki a kan allon yana gaba, dama tana biye da alli. Layi ya fita a miƙe kamar an ja da zare. Littattafan kuwa tuni ya haddace su. Rajista ce ta gagare shi, sai ya kira ni wata rana ya ce, "Isiyaku, har yanzu rubutunka kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Zo ka riƙa gwada hannunka a rajistata." Tun ranar nake gwada hannuna. Kalmar makanta ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Abin da muke tsoro ɗaya ne. In ofis ya sani, za a fitar da shi daga aji, a ba shi kujera a baranda ya riƙa kaɗa ƙararrawa har shekara biyun su cika. Shi kuwa abin da ya taɓa faɗa mini, yana kakkaɓe hannu bayan tashi, shi ne, "Ni dai Allah ya sa in fita da alli a hannu."

Ranar Litinin da hantsi muka hau acaɓa zuwa Ikara, daga nan muka shiga motar Makarfi. Direban ya cika bayanta da buhunan barkono, ya cika tsakiyarta da mu, saboda haka duk ramin da muka faɗa sai motar ta yi atishawa baki ɗaya. Wani dattijo manomi da ke kusa da Malam, da ya ji inda za mu, ya ce, "To in allon zai yi karatun da kansa, ku sai ku dawo gona. Dama muna neman hannu." Aka yi dariya. Malam ya ce, "Baba, in ka ga rubutun wannan da ke gefena, ba za ka ba shi kunya ya ja maka ba." Ni ne dai kullum abin fansa.

A Makarfi iyakar ƙasa take. Ba a tambayi fasfo ba, amma motar Ikara ba ta wuce nan, sai ka sauka ka koma hannun wasu mutanen da wata motar. Muna jiran ta cika muka haɗu da Malama Talatu, malamar aji huɗu a wata makaranta a nan Makarfi, ita ma bitar za ta. Mace ce mai jiki da murya, irin waɗanda in sun yi gyaran murya a aji ɗaya, aji uku ke yin shiru. Ba mu gama gaisawa ba ta zazzage mana cikinta.

Ta ce, "Ni ba fasa allon nake tsoro ba, Malam. Yaran nan nake tsoro. 'Yar aji huɗu ta fi ni sanin wayata. Ranar da na tsaya gaban abin nan ina neman inda ake gogewa, ta taso ta nuna mini, gobe da wane baki zan ce mata ta yi shiru?"

Na ce, "Da bakin nan dai, Malama. Bai yi kama da mai ƙarewa ba."

Ta ce, "Kai dai yi ta surutu, za mu ga naka."

Muna cikin haka Malam Tanimu ya matsa gefe neman inuwa. Akwai damin rake da aka jingine a tsaye jikin rumfa, wani ɗan dako ya rataye hularsa a kai. Sai na ji Malam ya rage murya ya ce, "Salamu alaikum, barkanmu da hutawa." Ya ɗan rusuna yana jiran amsa. Mai raken ya ƙyalƙyale da dariya, Malam ya kai hannu ya taɓa, ya gane, bai ko girgiza ba ya ce, "Ai a Makarfi rake dattijo ne. Shi ke ciyar da gari, ya cancanci gaisuwa." Mai raken ya ji daɗi har ya yanko masa gaɓa uku. Malama Talatu ta yi dariya tare da kowa, amma na ga ta dube shi, ta dube ni, ta gyara mayafi. Da muka zo tsallaka babban titin Zariya zuwa Kano don canjin mota, na kama hannun rigarsa na ce manyan motocin nan tsoro suke ba ni. Ya ce, "Riƙe da kyau, matsoraci."

A Kudan gidan Malam Lawal muka sauka, abokina tun kwalejin horon malamai. Ya share mana ɗakin zaure, ya shimfiɗa tabarmi biyu da katifa ɗaya, muka yi rabin sa'a ana jayayya kafin Malam ya yarda ya hau katifar. Mutanen kirki ne, amma miyarsu ba ta san barkono ba. Mutumin Ikara in ya ci sai ya ji kamar an gaishe shi ba a tambayi iyali ba. Sun rama da dambu mai zogale da mazarƙwaila, wadda Malam ya ce ita kaɗai ta isa hujjar kafa garin.

Amma baƙuwar ƙasa ta gaskiya ba Kudan ba ce, zauren bitar ne. Mutanen wannan ƙasa suna da al'adu na ban mamaki. Da shigarka za a manna maka sunanka a ƙirji, kamar buhun da za a kai kasuwa. Ba sa tafi sai da ƙa'ida, uku-uku, a ƙare da nuna mutum da yatsu. Suna raba dattawa ƙungiya-ƙungiya su sa musu sunan 'ya'yan itace. Mutumin da ya koyar da rabin Furana ya wayi gari ɗan ƙungiyar Mangwaro. Abincinsu shinkafa ce a roba, da cokalin da ke karyewa a loma ta biyu. A garinmu in ka ba baƙo abinci a abin da za a jefar, magana ce. A can karramawa ce.

Allon yana gaban zaure, fari fat, faɗinsa ya kai ƙofar shago, janareto yana ruri a waje dominsa. Mai koyar da mu Malama Rabi ce, yarinya mai natsuwa, ba za ta girmi 'yar Malam ta biyu ba. Ta taɓa shi da yatsa, taswirar duniya ta fito tana juyawa. Ta sake taɓawa, zuciyar mutum ta bayyana tana bugawa, jini na shiga yana fita. Mu arba'in da wani abu, ba wanda ya yi tari. Ni da na yi shekaru ina zana zuciya da alli tana fitowa kamar gauta, ban san ko sha'awa ce ta kama ni ko kishi ba. Wani malami daga bayanmu ya ce, "To mu aikinmu ya zama kunnawa da safe, kashewa da rana?" Wani ya ce shi an gaya masa duk kuskuren da ka rubuta, a Kaduna ake gani. Malama Rabi ta rantse ba haka ba ne, aka yarda da ita a baki.

Malam Tanimu yana gefena, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ya raɗa mini, "Me ake gani?" Na ce zuciya. Ya ce, "Ta yi kyau?" Na ce ta yi. Ya ce, "Madalla."

Ranar Talata kafin a tashi aka sanar cewa gobe kowa zai fito ya yi rubutu a allon na minti biyar, a gaban wani jami'i da zai zo daga ofishin ilimi. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidan Malam Lawal na ce, "Malam, ko gobe ku kwanta? In ce zazzaɓi ne. Dama sauro ya yi mana yawa."

Ya ce, "Shekara talatin da uku ban yi fashin aji da ƙaryar ciwo ba, sai a garin mutane? Tashi dai ka auna mini shi."

Na gane nufinsa. Na sami gawayi na zana faɗin allon a jikin katangar zaure, daidai yadda na ƙiyasta. Na nuna masa inda ake ɗaukar alƙalamin roba, inda ake zaɓar launi, inda ake gogewa: taki kaza daga hagu, kamu kaza daga sama. Ya yi ta maimaitawa har aka kira magariba, bai ƙara kuskure ba. Malam Lawal yana kallo daga kan tabarma, sai da muka gama ya kawo ruwa ya wanke katangarsa. Na kwanta ina ganin mun yi dabara.

Abu ɗaya na manta. Malama Rabi ta faɗa tun ranar farko cewa allon nan yana jin duk abin da ya taɓa shi, kada a dafa shi. Na ji da kunnena. Amma shekara uku ina kallon hannun hagun Malam yana tafiya a kan allo har na daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin hancinsa.

Ranar Laraba Malama Talatu ce ta uku. Ta rubuta jadawalin bakwai, ta nemi magogi ta rasa, ta juyo ta harare mu gaba ɗaya har sai da wani ya nuna mata cikin ladabi. Aka yi mata tafi uku. Ni na zana gautata, allon ya gyara mini ita ta zama da'ira, abin da malamaina suka kasa. Sai aka kira Malam Tanimu.

Ya taka daidai yadda muka ƙirga. Ya ɗauki alƙalamin ba lalube. Ya yi bisimilla a hankali, ya ɗora hannun hagu a gefen allon yana neman tsagar da ba ta nan, ya fara rubutu. Yatsun hagu suka ja shafin ya zame ƙasa. Ya rubuta layi na biyu a kan na farko. Tafin hannunsa ya bar wani baƙin tabo, shafin ya kumbura, ya karkace. Aka fara dariya, irin wadda aka yi wa kowa. Shi kuwa bai tsaya ba. Ya ci gaba da natsuwarsa, kafaɗa a miƙe, hannun dama yana lanƙwasa haruffan da na sani tun ina ɗan shekara shida, suna hawa kan juna suna zama curi. Ya gama layi na huɗu, ya sa aya, ya juyo ya fuskance mu yadda yake juyowa a aji, yana jiran a karanta.

A nan dariyar ta mutu.

Malama Rabi ta matso ta ce, "Baba, ba komai, hannunku ne ya taɓa. Ku danna kibiyar nan, zai koma yadda yake."

Ya ce, "Wace kibiya, 'yata?"

Kibiyar ta kai girman tafin hannu, tana daidai fuskarsa. Janareto kaɗai ke magana. Na ga Malama Talatu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Jami'in ya buɗe littafinsa, ya riƙe biro, bai rubuta ba tukuna.

Sai Malam ya ce, da muryar da yake kiran rajista, "Isiyaku, taso ka gaya mini abin da na rubuta."

Na taso. Na dubi allon. Na ce, "Malam, ba ya karantuwa."

Ya ce, "To." Ya lalubi inda alƙalamin yake zama, ya mayar da shi, ya ce wa zauren, "Ku yi haƙuri, na ci muku lokaci. Idon ne ya riga ni ritaya." Ba a yi tafi ba, kuma na gode wa Allah da ba a yi ba.

Da aka fita sallar azahar, Malama Rabi ta tare mu a ƙofa ta ce, "Baba, in kun idar ku dawo kafin mutane, don Allah." Muka dawo zauren ba kowa. Ta mayar da allon baƙi ƙirin, ta fito da shafi daga littafin kimiyya na aji shida, haruffan farare. Ta sa yatsu biyu ta buɗe su, suka yi ta girma har kalma uku ta cika allon. Ta ce, "Ku tsaya ta inda kuka fi gani."

Ya juya mata gefe, kamar mai fushi da allon, ya saci kallonsa ta wutsiyar ido. Leɓensa ya motsa. Sai na ji ya karanta, a hankali, kalma bayan kalma, yadda rana ke ɗaga ruwa daga tafki ya zama girgije. Tana ja masa shafin, yana bi. A tsakiya ya tsaya ya ce, "Ashe tururi suka ce. Shekara uku ina gaya wa yara hayaƙi." Ya yi 'yar dariya, ya goge fuska da hannun riga, ya ce zafin ɗakin ne. Ya karanta shafin har ƙarshe, ya ce a ƙara wani. Shafi huɗu ya karanta a tsaye, shinkafarsa tana sanyi a roba.

Ya ce, "'Yata, irin wannan za a kawo mana?"

Ta ce, "Irinsa sak, Baba. Da sola da batir, ba ruwanku da janareto. Hannun hagun kawai za ku riƙa sawa a aljihu."

Jami'in, Allah ya saka masa, ba mugu ba ne. Ya ce dole ya rubuta abin da ya gani, amma zai rubuta duka biyun, har da na bayan azahar. Ya ce tunda ajin Malam za a kai allon, ba ya ganin dalilin fitar da shi. Malama Talatu da za mu rabu a tashar Makarfi ta sayi mazarƙwaila ta cusa a jakar Malam, ta ce mini, "Kai kuma ka riƙa riƙe shi da kyau a titi, matsoraci." Ashe ta ji.

Ban taɓa ganin Malam da surutu irin na hanyar dawowa ba. Mutumin da ya tafi kamar za a kai shi gaban alƙali, ya dawo yana lissafa abin da zai karanta: littafin tarihi da ya ce ya fara zargin haddarsa a kai, da wasiƙun 'yarsa da ke aure a Saulawa, waɗanda ni nake karanta masa da sunan gwada muryata. Har ya ce rajistarsa ma zai karɓe, don rubutuna ya ƙi gyaruwa.

Bayan mako shida ma'aikata suka zo da allon a bayan mota. Suka zagaya aji shida suna ƙwanƙwasa bango, suka ce wuri ɗaya ne mai siminti da zai riƙe nauyinsa. Suka kafe shi a kan tsohon allon, suka share ƙura, suka ɗauki hoto da hedimasta. Sola da batir, suka ce, suna mota ta gaba.

Zango guda ke nan. Malam yana aji shida, ba a fitar da shi ba. Da baki yake koyarwa, yara suna rubuta abin da suka ji. Wani lokaci in magana ta ɗauke shi, sai in ga ta taga hannun hagun ya tashi ya nufi gefen allon, ya shafi santsi, ya dawo. Na ce masa ya bari in shafe bangon baya da siminti, in yi masa baƙi, mu sake tsagogi. Aikin Asabar ɗaya ne. Ya ce, "Kar ka wahalar da kanka, Isiyaku. Batirin yana hanya."

To, masu tambaya, allon ba ya magana, kuma ba ya ɗaukar hoton kowa. Faɗinsa ya rufe tsagogin nan duka goma sha ɗaya. Alli kuma ba ya kama shi.